Sikanin lambar QR a Katsina: kyamarar waya, Google Lens ko manhajar kyauta, wacce ta fi aiki?

Ɗan murabba'in nan mai ɗigo-ɗigon baƙi da fari ya cika gari. Yana manne a teburin masu POS a Ƙofar Ƙaura, yana jikin gilashin kantunan Titin IBB, yana bayan katin gayyatar ɗaurin aure, har katin Nusuk da alhazanmu ke ratayawa a wuya a ƙasa mai tsarki yana ɗauke da shi. Sunansa lambar QR. Mai waya yana da hanya huɗu ta karanta ta: kyamarar da ta zo da wayar, Google Lens, manhajojin sikanin na kyauta da ke Play Store, sai kuma mai sikanin da ke cikin manhajar banki ko WhatsApp. Hukuncinmu tun daga farko shi ne, biyun farko sun ishi kowa, ta huɗu tana da aikin da babu mai yi sai ita, ta uku kuwa bai kamata ta kwana a wayarka ba.

Kafin a shiga bayanin kowacce, ya kamata a san abin da kyamarar ke nema, domin daga nan ake gane dalilin da ya sa wani lokaci ta ƙi karantawa. Kamfanin Denso Wave na ƙasar Japan ne ya ƙirƙiro lambar a 1994, ƙarƙashin injiniya Masahiro Hara, don bin sawun kayan gyaran mota a masana'anta. Saboda a masana'anta aka haife ta, inda baƙin mai da datti suke, an gina ta yadda za ta jure lalacewa. Dubi kusurwoyinta uku, za ka ga manyan akwatuna, akwati cikin akwati. Su ne wayar ke fara lalubowa, su ke gaya mata inda lambar ta fara da inda ta ƙare da kuma ɓangaren da ke sama, shi ya sa ko a juye ka riƙe waya za ta karanta. Mafi ƙanƙantar lamba tana da ɗigo 21 a tsaye, 21 a kwance. Mafi girma tana da 177 a kowane gefe, tana iya ɗaukar alƙaluma 7,089. Akwai kuma matakan gyaran kuskure huɗu da mai haɗa lambar ke zaɓa, waɗanda ke iya maido da kashi 7, ko 15, ko 25, ko 30 cikin 100 na bayanin idan ya goge. Saboda haka lambar da ta ɗan karce a tsakiya takan karantu, amma wadda aka yage wa ɗaya daga cikin akwatunan kusurwa yawanci ta tashi aiki.

Kyamarar waya ita ce ta ɗaya a wurinmu, saboda sauri da kuma rashin talla. Wayoyin iPhone sun fara karanta lambar da kyamararsu tun fitowar iOS 11 a 2017, Samsung ma ta daɗe da saka wannan a tata. Buɗe kyamara a sashen hoto na yau da kullum, kada ka shiga na bidiyo ko wanda ke dusashe bayan mutum. Riƙe wayar nesa da lambar kamar taƙi ɗaya, wato santimita 20 zuwa 25, yadda dukkan murabba'in da farin gefensa za su shiga allo. Tsaya cak na daƙiƙa biyu. Ba sai ka ɗauki hoto ba. Adireshin zai fito da kansa a ƙasa ko a saman allo. In bai fito ba, taɓa lambar a kan allo da yatsa don kyamarar ta daidaita ganinta. In har yanzu shiru, shiga saitin kyamarar ka nemi inda aka rubuta "Scan QR codes", don a wasu wayoyi a kashe yake zuwa. Wani abin yabo shi ne karatun a cikin wayar ake yin sa, ba ya cin data. Datar sai lokacin da ka danna adireshin.

Rauninta shi ne ba kowace waya ke da ita ba. A cikin Tecno da Infinix da itel, waɗanda su ne a hannun yawancin mutanenmu, abin ya danganta da samfuri: wata tana karantawa kai tsaye, wata tana da ɗan tambarin Lens a gefen kyamara da sai ka danna, wata kuma ba ta da ko ɗaya. Idan wayarka tana kan Android 13 ko sama da haka, ja labulen saman allo ƙasa har sau biyu, danna alamar fensir, ka duba ko akwai maɓallin sikanin lambar QR da za ka jawo cikin jerin su tocila da Wi-Fi. Wannan maɓallin ya fi komai sauri ga mai yawan amfani da shi.

Google Lens shi ne na biyu, kuma shi ne mafita ga duk wanda kyamararsa ba ta karantawa. Ba ya buƙatar a sauke komai a galibin wayoyi: buɗe manhajar Google, a ƙarshen wurin rubuta bincike akwai alamar kyamara, ita ce. Yana da abu ɗaya da ya fi kyamara da shi nesa ba kusa ba, wato karanta lambar da ke cikin hoto. Sau da yawa akan turo wa mutum katin biki ta WhatsApp da lambar da ke nuna wurin taro a taswira, sai ya rasa yadda zai yi, tunda waya ba ta iya kallon fuskarta. Ba sai ka nemi wayar wani ba. Ajiye hoton, buɗe Lens, zaɓi hoton daga ma'ajiyar hotuna, zai karanta. Aibinsa shi ne ya fi son intanet mai ƙarfi, ga shi yana da nauyi a ƙaramar waya mai ƙwaƙwalwar giga 2, yakan ɗauki daƙiƙoƙi kafin ya buɗe. A wurin da sabis ke rawa, kamar wasu ƙauyukan hanyar Daura, kyamara ta fi shi amfani.

Manhajojin kyauta na Play Store su ne abin da ya fi damun mu, domin su mutane suka fi saukewa, su ne kuma mafi rashin amfani. Rubuta "QR" a wurin bincike, za su fito rututu, sunayensu kusan iri ɗaya. Aikin da suke yi bai wuce wanda kyamara ke yi ba, sai dai su ƙara maka talla mai cika allo kafin sakamako ya fito, wani lokaci da maɓallin ƙarya da ke kama da na buɗe adireshin. Mai karanta lamba izinin kyamara kawai yake buƙata. In ka ga yana neman shiga lambobin mutanenka, ko saƙonninka, ko sanin inda kake, to ba karatun lamba ya kawo shi ba. Wasu kuma suna ba da gwajin kwana uku, daga nan su fara cirar kuɗi duk mako a katin da ka haɗa da Play Store. A watan Fabrairun 2021 kamfanin tsaron kwamfuta na Malwarebytes ya fallasa wata manhajar sikanin da aka sauke fiye da sau miliyan 10. An daɗe ana amfani da ita lafiya lau, sai wani sabuntawa da aka yi mata ya sa ta riƙa buɗe shafukan talla da kanta ba tare da mai waya ya taɓa komai ba. Google ya cire ta daga kasuwarsa, amma cirewar ba ta goge ta daga wayoyin da ke ɗauke da ita ba. In kana da irinsu, goge, sannan ka leƙa sashen biyan kuɗi na Play Store ka tabbatar babu rajistar da ke cin kuɗinka a ɓoye.

Yanzu sai maganar kuɗi, inda aka fi samun ruɗani. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 'yan kasuwar Katsina suka rungumi tiransifa, daga masu atamfa a Babbar Kasuwa har masu nama a bakin titi. Kamfanin NIBSS, mai kula da hada-hadar kuɗi tsakanin bankuna, ya ƙaddamar da tsarin NQR a watan Maris na 2021 don a riƙa biya da lamba maimakon karanto lambar asusu mai alƙaluma 10 ana maimaitawa cikin hayaniyar kasuwa. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, lambar biyan kuɗi ba da kyamara ake karanta ta ba. In ka nuna mata kyamara ko Lens, sau da yawa abin da zai fito dogon jerin alƙaluma ne da ya fara da 000201, wanda ba zai kai ka ko'ina ba, sai ka ɗauka lambar ta lalace alhali lafiyarta ƙalau. Buɗe manhajar bankinka, nemi sashen biya da QR, ka yi sikanin daga can. Ka kuma lura cewa wasu kamfanonin kuɗi na waya suna da tasu lambar da manhajarsu kaɗai ke ganewa, don haka tambayi mai shago ta wane banki ce kafin ka ɓata lokaci.

Lambar biya iri biyu ce. Akwai ta dindindin, wadda ake bugawa a liƙa a tebur, kai za ka rubuta adadin kuɗin. Akwai wadda na'ura ke fitarwa don ciniki ɗaya, da kuɗin a cikinta. Ko wacce ce, bayan sikanin sunan mai karɓa zai fito kafin a nemi lambar sirrinka. Karanta sunan nan da babbar murya: "Alhaji, sunan kaza ne ya fito, naka ne?" Wannan tambayar ita ce babbar kariya, saboda damfarar da aka fi yi da lambar QR ba ta buƙatar ilimin kwamfuta ko kaɗan. Ɓarawo ya buga tasa lambar a sitika, ya faki ido ya liƙa a kan ta mai shago, shi ke nan kuɗin ciniki ya koma aljihunsa. Hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi kan wannan salon a watan Janairun 2022, kuma babu abin da zai hana a yi shi a nan. Mai shago ya riƙa shafa lambarsa da yatsa kowace safiya, in ya ji tudu ko bakin wata takarda a sama, ya ɓare ya duba. Kada kuma ya saki kaya don an nuna masa allon waya an ce "ya tafi". Ya jira alat a tasa manhajar. Abu na ƙarshe a nan, kuma muna roƙon a isar wa iyayenmu da ba su saba da waya ba: sikanin lamba fitar da kuɗi yake yi, ba ya shigo da su. Duk wanda ya ce yi sikanin wannan ka sa lambar sirrinka don tallafi ya shigo maka, ɓarawo ne.

Haka abin yake a WhatsApp. Tun 2015 ake haɗa shi da kwamfuta ta hanyar lambar QR, kuma yanzu asusu ɗaya yana ɗaukar ƙarin na'ura har huɗu. Aikin yana tafiya sumul: a kwamfuta lamba za ta fito, a waya ka danna ɗigo uku na sama, ka shiga "Linked devices", ka yi sikanin. Lambar tana sabuntuwa bayan 'yan daƙiƙoƙi, saboda haka in ka yi jinkiri ta ƙi, jira sabuwa. Haɗarin yana cikin sauƙin. In wayarka ba ta da makulli, wanda ya riƙe ta na rabin minti zai iya haɗa ta da tasa na'urar, ya riƙa karanta saƙonninka daga nesa kana nan ba ka sani ba. A garin da rashin wuta ke sa a bar waya a shagon caji ko wurin mai gyara, wannan ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake galibin masu waɗannan sana'o'i mutanen kirki ne masu riƙon amana. Sa wa wayar makulli na yatsa ko na lamba, sannan duk mako ka leƙa wannan sashe. Na'urar da ba ka gane ba, danna ta ka fitar da ita.

Lambar Wi-Fi ma tana da nata sirrin da ya kamata masu otal da wuraren cin abinci su sani. Daga Android 10 ana iya raba Wi-Fi da lamba, baƙo ya yi sikanin ya shiga ba tare da an faɗa masa kalmar sirri ba. Sai dai kalmar tana rubuce a fili cikin lambar, duk wanda ya karanta ta da Lens zai gan ta ɓaro-ɓaro. In ba ka son ta yaɗu a unguwa, kada ka liƙa lambar inda ake hangowa daga waje.

To, me ke sa waya ta ƙi karantawa? A Katsina abu na farko da za a zarga shi ne ƙura. Lokacin hunturu hazo kan kwanta a idon kyamara, ya haɗu da maiƙon yatsa, hoto ya yi dishi-dishi. Goge da gefen riga mai laushi, sau da yawa magana ta ƙare a nan. Na biyu kusanci. Mutum in ya ga ta ƙi, sai ya ƙara matsawa, alhali yawancin kyamarori ba sa gani sosai a ƙasa da santimita 10. Ƙananan wayoyi masu araha ma da yawansu idonsu a kafe yake, ba ya daidaita kansa, don haka a ja baya zuwa santimita 30, in lambar ƙarama ce a ɗan zuƙo ta da yatsa biyu. Na uku ƙyalli. Lambar da aka rufe da leda mai sheƙi ko aka sa bayan gilashi, in ranar azahar ta doke ta, farin haske ne kawai kyamara ke gani. Karkata wayar kaɗan ko ka yi wa lambar inuwa da jikinka. Tocila tana taimakawa da dare a kan takarda mara sheƙi, amma a kan leda ko allon wata waya ƙara ɓata lamari take. In daga allon waya ake karantawa, mai ita ya ƙara haske ya cika, kuma fasasshen gilashi da ya ratsa akwatin kusurwa yana iya hanawa. Rasit ɗin POS kuwa da zafi ake buga shi, ba da tawada ba, shi ya sa zafin watan Afrilu ke kashe rubutunsa in an bar shi a mota ko a aljihu. Mai buƙatar lambar da ke kan rasit ya ɗauke ta hoto tun tana sabuwa.

Sauran laifin na masu bugawa ne, kuma a nan ne ɗan kasuwa ke asarar kuɗinsa. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce, faɗin lamba ya zama kashi ɗaya cikin goma na nisan da za a tsaya. Ta kan tebur da za a karanta daga santimita 30, santimita 3 ta isa, kuma kada ta gaza 2 ko a katin kasuwanci. Ta jikin allon shago da za a karanta daga mita 3 tana son santimita 30. Dole a bar farin fili a kewayenta, faɗin ɗigo huɗu a kowane gefe. Masu zane sukan cinye wannan fili da ado ko rubutu don kati ya yi kyau, sai waya ta kasa gane inda lambar ta tsaya. Launi ya zama mai duhu a kan mai haske. Ruwan zinare a kan fari, wanda ake so a katin biki, yana ba kyamara wahala ƙwarai, haka ma farar lamba a kan baƙi, wadda wasu wayoyi ba sa ganewa sam. Kada a ja ta ta yi tsawo don ta cike gurbi. Murabba'i take, murabba'i za ta zauna. In za a sa tambarin shago a tsakiya, a zaɓi matakin gyara na kashi 30, tambarin kuma ya zama ƙarami.

Tsawon adireshi ma yana da tasiri. Adireshi mai haruffa 40 a matakin gyara na kashi 15 yana ba da lamba mai ɗigo 29 a gefe, wato a faɗin santimita 3 kowane ɗigo ya kai milimita ɗaya. Mai haruffa 200 yana kai ta ɗigo 57, kowane ɗigo ya koma rabin milimita, ƙaramar waya ba za ta iya da shi ba. Sannan wajen kai wa mai bugawa, kada a tura lambar a matsayin hoto ta WhatsApp, don yana matse hoto gefen ɗigon ya dusashe. A tura ta a matsayin fayil, PNG ko PDF.

Akwai tarko ɗaya da ya kamata duk mai shirin buga kati ko allo ya sani. Shafuka da yawa da ke haɗa lamba "kyauta" ba adireshinka suke sakawa a ciki ba, nasu suke sakawa, shi kuma ya tura mutum zuwa naka. Bayan kwanakin gwaji, sau da yawa 7 ko 14, sai su rufe hanyar har sai ka biya da dala, katunan da ka buga 500 su zama takardar banza. Gane wannan ba wuya: yi sikanin lambar, in adireshin da ya fito ba naka ba ne harafi da harafi, to ta haya ce. Burauzar Chrome tana haɗa lambar dindindin ga kowane shafi daga wurin rabawa, wato "Share", WhatsApp Business ma yana ba da lambar da ke kai mai saye kai tsaye cikin hirarka, duka ba ko kwabo. Kafin mai bugawa ya saki injin, ya fitar da kwafi ɗaya a ainihin girman da takardar da za a yi amfani da ita, a gwada da waya uku, cikinsu har da mafi arahar da ke kusa, sau ɗaya a cikin shago, sau ɗaya a rana.